Tambaya da Amsa: Haɗa Ƙaramin Samfurin Kwatar Yauri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, kuma ina so in haɗa wa ɗalibaina ƙaramin samfurin kwatar Yauri da ke bakin Kogin Neja, da rumfarta da kwale-kwalenta. Na gwada sau ɗaya, amma da na zuba rezin (wani ruwan sinadari da ke daskarewa ya zama garau kamar gilashi) a matsayin ruwa sai farin soson da na yi ƙasa da shi ya narke, sannan mutanen da na sassaƙa suka fi rumfar tsawo. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu a Yelwa, Jihar Kebbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya. Matsalar mutanen ta samo asali ne daga rashin tsayar da ma'auni guda tun farko, don haka ina ba ka shawarar ka ɗauki 1:50, wato kowace mita ɗaya ta zama santimita 2. Da wannan lissafi, mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama santimita 3.4, kwale-kwale mai mita 10 kuma santimita 20. Ka fara sassaƙa mutum ɗaya, ka riƙa jingina shi da kowace dirka kafin ka sa mata gam.

Rezin kuwa zafi yake fitarwa yayin da yake daskarewa, kuma gwargwadon kaurin zubin, gwargwadon zafin. Shi ya sa ya kamata gindin kogin ya zama falankin katako, a toshe duk wata kafa, a shafe gaɓar kogin da farin gam na kafintoci har sau biyu, sannan a zuba rezin ɗin kaɗan-kaɗan, kada kowane zubi ya wuce milimita 3, a bar shi ya yi kwana guda kafin a ƙara. Ka kifa kwali a kansa, musamman da hunturu, domin ƙurar da ta faɗa ciki ba ta sake fita.

Abin da na fi so ka kula da shi, shi ne zurfin ruwa fenti ne ke nuna shi, ba yawan rezin ba. Ruwan Neja ba shuɗi ba ne. Ka tsaya bakin kwata da safe ka duba, za ka ga ruwan ƙasa ne mai ɗan kore, yana yin duhu can tsakiya, yana haske inda yashi ya kusanto. Haka za ka fente katakon kafin zubin farko. Kuma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan wannan yanki yana cika yana janyewa, yana barin tabo a jikin gaɓa da turakun da ake ɗaure jirage, saboda haka ka zana wannan baƙin layin ɗan sama da fuskar ruwanka.

Tsinken tsire ya isa dirka, tsumman gidan sauro da aka jiƙa a ruwan shayi zai ba ka taru, yashin gaɓa kuma ka tankaɗe shi da rariya kafin ka manna. Kwale-kwalen ka kankare gindinsa ya kwanta, ka dasa shi kafin zubin ƙarshe, domin a gan shi cikin ruwa yake, ba ɗore a kai ba.