Fatawa: Na yi ritaya an cire ni daga inshorar lafiya, ya halatta in sayi wata da kuɗin fanshona?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, na cika shekara 35 a aiki na ajiye bara. Duk tsawon aikina ina cikin NHIS, tsarin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya, ni da uwargida da yara, to bayan ritaya wata rana na je karɓar maganin hawan jini yarinyar da ke kan kwamfuta ta duba ta duba tace Baba ai sunanka ya fita daga lis, haka na mayar da katina aljihu na dawo gida. Ina da hawan jini da suga, maganin wata yana cin kusan rabin fanshon. Yanzu babban ɗana ya kawo min takardu kala uku, ɗaya ta gwamnati wai GIFSHIP, ɗaya ta wani kamfanin HMO mai zaman kansa, irin kamfanonin nan da ke shiga tsakanin mai inshora da asibiti, ɗaya ta takaful, wato inshorar musulunci. Sai limamin masallacinmu yace duk inshora caca ce kuma rashin tawakkali ne. Malam wanne zan ɗauka, ko in haƙura duka? Ban son in ƙarasa rayuwata da haram.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba Allah ya baka lafiya, ya sa wahalar shekara 35 ɗin nan ta zama kaffara, ya yi wa ɗan nan naka albarka da ya tsaya ya nemo maka takardun.

A taƙaice, ta gwamnati halal ce, ta takaful ma halal ce in har da gaske takaful ɗin ce ba suna kawai ba, ta kamfanin kasuwanci kuwa ita ce mafi yawan malaman zamani suka hana sai in mutum ya rasa waɗancan kuma yana da buƙata ta gaske. Amma ina roƙonka ka karanta sauran, domin akwai abin da na fi jiye maka tsoro fiye da sunan takardar.

Liman bai yi magana a banza ba, daga wani wuri ya ɗauko ta. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da baka san me zaka samu ba, ko ma zaka samu ko ba zaka samu ba, kamar ka sayi kifin da ke cikin kogi tun ba a kama shi ba. To inshorar kasuwanci haka take, ka bawa kamfani kuɗi sanannu shi kuma abin da zai baka ba a sani ba, ka iya biyan shekara biyar ko ciwon kai baka yi ba kamfani ya lashe kuɗin, wani kuma ya biya wata biyu a kashe masa miliyoyi, ga shi kuma kamfanonin nan galibi suna juya kuɗin a harkar ruwa. Saboda haka Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi a zamanta na Jidda a 1985 tace inshorar kasuwanci haramun ce, amma a wannan hukuncin dai ta halatta inshorar taimakekeniya. Nan ne maganar liman ta gaza, ya ɗauki rabin hukuncin ya bar rabi. Kuma ko a haramcin ma ba ijma'i bane, Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, babban malamin fiƙihu, ya tafi akan halaccinta har ya rasu, sai dai ni ina tare da jamhuru, wato mafi yawan malamai.

Me ya raba biyun tunda duka kuɗi kake bayarwa baka san me zai dawo ba? Amsar tana cikin mazhabarmu ta Malikiyya ma tun kafin a san wani abu wai shi inshora. Imam Ƙarafi a cikin Furuƙ ya bambanta tsakanin ciniki da kyauta, yace garari yana ɓata abin da ake yi don musayar dukiya da neman riba, amma ba ya ɓata kyauta da sadaka, saboda wanda aka yi wa kyauta bai yi asarar komai ba in abin ya zo kaɗan. In nace na sayar maka da abin da ke cikin buhun nan baka gani ba, cinikin bai yi ba. In nace na baka shi kyauta, ya yi. To asusun da mutane suka haɗa don duk wanda ciwo ya kama a cikinsu a yi masa magani, ɓangaren kyauta yake, kowa ya zuba ne da niyyar taimakon ɗan uwansa. Allah yace a Ma'ida aya ta 2 ku taimaki juna akan alheri da taƙawa. Kuma Bukhari da Muslim sun kawo hadisin Abu Musa akan Ash'arawa, mutanen ƙabilarsa, in guzurinsu ya ƙare a wajen yaƙi ko abincin iyalansu ya yi kaɗan a Madina sai su tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai da kwano ɗaya, Annabi (SAW) yace su nawa ne ni nasu ne. Ka lura wani ya zuba mudu guda ya ɗebi biyu, wani ya zuba biyu ya ɗebi ɗaya, ba a ce caca suka yi ba, yabonsu aka yi.

Tsarin gwamnati a nan yake shiga. Dokar 2022 ta mayar da NHIS ta koma NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, har ta wajabta inshorar lafiya akan kowa, kuma GIFSHIP ɗin da aka kawo maka dama don waɗanda ba sa kan albashin gwamnati aka yi ta, 'yan kasuwa da masu sana'a da irinku 'yan fansho. Hukumar ba riba take nema da ciwonku ba, tarawa take ta biya asibitoci, HMO ɗin da ke tsakiya kuma matsayin wakili yake da shi ana biyansa ladan aikinsa, wakilci da lada kuwa babu wanda ya hana. Jihohi ma suna da nasu, Kano akwai KSCHMA, Kaduna akwai KADCHMA, kuma in ka duba sunayen zaka ga taimakekeniya aka saka a ciki maimakon inshora. Ka leƙa ofishin ta jiharku ka tambaya ko suna karɓar mutum ya biya da kansa, ka kwatanta farashi. Sannan akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake yi wa marasa ƙarfi rajista kyauta har da tsofaffi, amma Baba wannan in kana da halin biya ka bar wa wanda ba shi da ko fanshon.

Takaful kuwa daga Sudan ta faro a 1979 ƙarƙashin bankin Faisal, a nan Najeriya hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. Alamar ta gaske, kuɗin masu zubi yana asusu daban ba a cakuɗa shi da na masu kamfani, ba a juya shi a ruwa, akwai kwamitin malamai da ke sa ido, kuma rarar da ta rage ta masu zubi ce. Ɗanka ya tambaye su waɗannan ɗin baki da baki, in suka fara kame-kame ya tattara takardarsa.

Akan inshorar lafiya takamaimai waccan Majalisar Fiƙihu ta sake zama a Dubai a 2005, ta halatta wadda ake yi ta hanyar kamfanin musulunci, ta halatta wadda mutum ko ma'aikata ke ƙullawa kai tsaye da asibiti da sharaɗin a fayyace komai, ta hana ta kamfanin kasuwanci. To wannan sharaɗin na fayyacewa shi ne abin da nace na fi jiye maka. Mutanenmu sai su yi ta tambayar halal ne ko haram, da an ce halal sai su sa hannu a takarda shafi goma ko layi ɗaya basu karanta ba, alhali jahilcin abin da ka ƙulla shi ne ainihin gararin da zai cuce ka, kuma wannan kai ne zaka iya kawar da shi da kanka.

Na taɓa raka wani kawuna wani asibiti, ya biya kuɗin shekara cif, ya zo da ledarsa cike da kwalayen maganin da ya saba sha ya zazzage su akan kanta, mai bada magani ya ɗaga wannan yace babu shi a lis, ya ɗaga wancan yace yana lis amma ya ƙare sai dai ku saya a waje, a cikin kala biyar biyu muka samu. Tsohon nan ya dube ni yace to ni me na saya kenan? Wallahi ban da amsa ranar. Ba zaluntarsa aka yi gaba ɗaya ba, wani abun yana rubuce a takardar, mu ne bamu tambaya ba.

Don haka kafin ka bada ko kwabo, ka ɗauki kwalayen maganinka na hawan jini da suga ka je da su asibitin da kake son zaɓa, ba ofishin masu rajista kawai ba, a duba maka ɗaya bayan ɗaya wanne ke cikin tsari, in insulin kake yi ka tambaya musamman. A tsarin gwamnati kai kake biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, misali an rubuta maka na dubu 20 zaka bada dubu 2, wannan ba cuta bace yana cikin yarjejeniya, amma ka sa shi a lissafi tare da kuɗin mota da na maganin da za a ce ka saya a waje. Ka tambaya kuɗin na mutum ɗaya ne ko har da uwargida, don kada ka ɗauka kamar lokacin aiki ne da ake haɗa mata da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ka tambaya daga ranar biya zuwa ranar da katin zai fara aiki kwana nawa ne, domin ba a biya yau a fara gobe. Sai manyan abubuwan da ke kayar da gidan ɗan fansho, wankin ƙoda, ciwon daji, aikin ido, tiyatar mafitsara, kwanciya mai tsawo, waɗannan wasu rabi ake ɗauka wasu an yanke musu iyaka wasu babu su sam, a nuna maka a rubuce. Kuma in za a tura ka babban asibiti sai an karɓo lambar izini daga HMO, ka san wa ake kira kuma ɗanka ya ajiye lambar a wayarsa, ranar da jiki ya rikice da daddare ba ranar neman lamba bace. Na kamfanoni masu zaman kansu su kuma ka kula da iyakar shekaru, da yawa ba sa karɓar wanda ya haura 60 ko 65 sai a wani tsarin tsofaffi mai tsada, suna da iyakar abin da za su kashe maka a shekara, kuma ciwon da ka zo da shi sukan ce sai an jira.

In ka zauna ka yi wannan lissafin ka ga ta gwamnati ko takaful ta ɗauke maka abin da kake buƙata, to babu uzurin zuwa ta kasuwanci. In kuwa ka duba ka ga ciwonka babu mai ɗaukarsa sai ita, ko babu asibitin waɗancan kusa da kai, kuma ka san fanshon ba zai iya ba, to ka shiga gwargwadon buƙata, malamai suna cewa buƙata tana sauka matsayin larura, kuma dama mas'alar akwai saɓani a cikinta. Ranar da ka samu madadi sai ka fita.

Abu biyu haramun ne ko wacce ka shiga. Kada ka rage shekaru a fom kuma kada ka ɓoye suga ko hawan jinin don a rage maka kuɗi, Annabi (SAW) yace wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kuma kada ka bawa ƙaninka ko maƙwabci katinka ya je ya karɓi magani da sunanka, ko ka haɗa baki a rubuta maka maganin da baka buƙata ka sayar a kemis, na san ana yi ana ganin kamar kuɗin gwamnati ne, a'a kuɗin wani tsoho ne irinka da zai zo gobe a ce masa ya ƙare.

Maganar tawakkali ba zan tsawaita ba. Annabi (SAW) yace ku yi magani bayin Allah, ya kuma cewa mai raƙumi ɗaure ta sannan ka yi tawakkali. Wanda ya tanadi hatsin shekara a rumbu ba a ce ya rasa tawakkali, to tanadin magani ma haka. Kai dai ka gyara niyya lokacin biya, ka ƙudurta taimako ne kake zubawa, in shekara ta zagayo Allah ya baka lafiya baka ci ko rabin kuɗinka ba kada ka ce an cinye min, wani aka yi wa magani da shi kuma ladan yana nan.

Shi kuma ɗanka, in fanshon ba ya isarka kuma shi yana da hali, ya biya muku kai da mahaifiyarsa daga aljihunsa, yana cikin biyayyar iyaye, amma kada ya lissafa shi a zakkarsa domin ba a bawa iyaye zakka. Liman kuma kada ka je ka yi masa gardama a gaban sahu, ka same shi shi kaɗai bayan sallah ka nuna masa bambancin nan cikin girmamawa, wataƙila akwai wasu 'yan fanshon a masallacin da suka fasa rajista saboda waccan maganar.

Wallahu a'alam.