Me ya sa ake zuba asid cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon gyaran batirin mota da na sola. Maigidana ya ce kada in kuskura in zuba ruwa a kan asid, sai dai in zuba asid cikin ruwa. Ni a ganina ai duk haɗawa ce. Ina bambancin? Kuma idan ya zube a ƙasa, da me ake kashe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe maganar maigidanka da kyau, ba camfi ba ne.

Asid ɗin batir sunansa salfurik. Tsantsarsa takan kai kashi 98 cikin 100, kuma ya kusa ninka ruwa nauyi: lita ɗaya kilo 1.84 ce, alhali ta ruwa kilo 1. Da ya haɗu da ruwa sai ya saki zafi mai tsanani nan take. To in ka zuba ɗan ruwa a kansa, ruwan ba ya nutsewa, a sama yake tsayawa don bai kai asid ɗin nauyi ba. Duk zafin sai ya taru a wannan ɗan ruwan, ya haura digiri 100, ya tafasa ya fantsamo da asid zuwa fuska da ido, kamar yadda ɗigon ruwa ke yi a tafasasshen mai. Amma in asid ne ya shiga ruwa mai yawa, sai ya nutse ƙasa, ruwan ya shanye zafin a hankali.

Ruwan cikakken batir yakan nuna 1.26 zuwa 1.28 a ma'aunin ruwan batir. Ana samun haka da kimanin lita ɗaya ta tsantsar asid a lita uku ta tataccen ruwa, wato ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa, wanda babu gishiri a cikinsa. A fara zuba ruwan a roba mai kauri, ba kwanon ƙarfe ko na alminiyam ba, domin asid yana cin su. A riƙa tsiyaya asid kaɗan-kaɗan ana motsawa da sandar roba, da tabarau da safar hannu, a waje mai iska. In robar ta yi zafi a dakata. Kada a auna sai ya huce, don mai zafi yakan nuna ƙasa da ainihin ƙarfinsa. Af, batirin da ruwansa ya yi ƙasa tataccen ruwa kawai yake so, ba ƙarin asid ba, tunda ruwan ne ya tafi. Wannan ba ya saɓa wa ƙa'idar, don na cikin batir an riga an sirka shi. Ruwan rijiya ko na famfo kuwa gishirin da ke cikinsa yana kashe farantan batir.

Abin da ke kashe asid shi ne kishiyarsa, wato dangin kanwa. In suka haɗu sai su zama gishiri da ruwa. Mafi dacewa shi ne sodar da ake sa wa kek, wato bikabonet. A fara kewaye wurin da yashi don kada ya malala, sannan a barbaɗa sodar daga gefe zuwa tsakiya. Kumfar da za ka gani iskar kabon ce ke fita. In ka ƙara soda ba ta sake kumfa ba, ya mutu. Lita ɗaya ta ruwan batir tana cin soda wajen giram 800, cokali biyu ba za su yi komai ba. Dakakkiyar kanwa ko toka za su yi in babu soda, sai dai ƙarfinsu ba tabbas. Sodar haɗa sabulu kam a'a, ita ma tana ƙona fata, haɗuwarta da asid kuma zafi ne mai fantsama. Haka ruwan bilic irin su Hypo: da asid ya taɓa shi sai ya fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

In a jiki ya zuba, kada a shafa soda, ko manja, ko man goge baki. A cire rigar da ya taɓa, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20. In ido ne, a buɗe shi ana wankewa, daga nan sai asibiti.