Karo-karon ƙera wasannin bidiyo: wane aiki ya cancanci kuɗinka?

Tambaya: Malam, na ga tallan wani wasa a Kickstarter. Masu shi na neman kuɗin kammala shi, wai duk wanda ya saka dala 25 za a ba shi wasan idan ya fito. Wannan saye ne? Idan kuma ba su gama ba, za a mayar mini da kuɗina?

Amsa: Ba saye ba ne, ɗan'uwa, karo-karo ne, wasan kuma tukwici ne da aka yi maka alƙawari. Tsarin Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗin karo-karo wanda aka buɗe a 2009, shi ne ko a cika adadin da aka nema ko a fasa gaba ɗaya. Ba a taɓa katinka na banki sai wa'adi ya cika kuma kuɗin sun kai. A nan shafin zai ɗauki kashi 5 cikin ɗari, masu sarrafa biyan kuɗi su ɗauki kashi 3 zuwa 5, sauran ya shiga hannun masu wasan. Daga ranar, magana ta koma tsakaninka da su, shafin ba ya mayar wa kowa kuɗi daga aljihunsa. Wasan Yogventures ya tara sama da dala 560,000 a 2012, aka soke shi a 2014, waɗanda suka zuba kuɗi aka lallashe su da wani wasa daban.

Tambaya: Ni ina son taimaka wa ƙananan masu ƙirƙira, amma ayyukan sun yi yawa, kowanne da bidiyonsa mai ɗaukar ido. Ta yaya zan zaɓa? Na saba bin wanda ya fi tara kuɗi, ina ganin taron jama'a ba zai ɓata ba.

Amsa: Hajiya, wannan ma'aunin shi ne na farko da zan ce ki ajiye. Yawan kuɗin da aka tara yana nuna iya talla da farin jinin mai neman, ba ya nuna iya aiki. Mighty No. 9 ya tara kusan dala miliyan 4 a 2013 saboda sunan Keiji Inafune, wanda ya yi fice a wasannin Mega Man. Bayan ɗage-ɗage ya fito a 2016, masu sharhi da masu gudummawa duk suka yi tir da shi. A wannan shekarar ta 2013 Toby Fox ya nemi dala 5,000 kacal don Undertale, ya samu kimanin 51,000, wasan ya fito a 2015 ya zama abin kwatance. Bambancin da na fi lura da shi: tun kafin ya miƙa hannu, Fox ya riga ya saki ɗanɗanon wasan da kowa zai sauke ya buga. Gani ya kori ji.

To, abin da nake fara nema ke nan. Akwai samfurin da zan buga da hannuna? In babu, bidiyon yana nuna wasan ana buga shi, ko zane-zane ne da kiɗa mai daɗi? Zanen dodo mai kyau aikin mako guda ne, sa dodon ya yi motsi daidai a kan kwamfutoci iri-iri kuwa aikin watanni ne. Sannan ki bincika ko mutanen sun taɓa kammala wani wasa, ko da ƙarami ne. Wanda ya gama ƙaramin abu ya fi mini wanda ya yi mafarkin babba.

Ki kuma yi ɗan lissafi. Mutum shida suka ce za su yi aikin shekara biyu da dala 30,000? Kuɗin ba za su kai su wata shida ba. Ko dai suna da wata hanyar kuɗi da ya kamata su bayyana, ko ba su san nauyin abin da suka ɗauko ba.

Abin mamakin shi ne kuɗi mai yawa ma kan jawo jinkiri, domin buri na girma tare da shi. Kamfanin Double Fine ya nemi dala 400,000 a 2012, ya samu sama da miliyan 3.3, aka faɗaɗa wasan har sai da aka raba Broken Age gida biyu, rabi a 2014, rabi a 2015. Star Citizen kuwa, da aka fara tara masa kuɗi a 2012 da niyyar fitowa a 2014, ya haura dala miliyan 700 a 2024 yana matakin gwaji. Har masu cika alƙawari ba su tsira ba: Shovel Knight ya fito a 2014 ya yi kyau, amma ƙarin abubuwan da aka yi alƙawari saboda kuɗin sun zarce buƙata sai 2019 aka gama su. Don haka idan kin ga jerin "in mun kai kaza za mu ƙara kaza" ya yi tsawo, ki ƙara shekara ɗaya ko biyu a kan ranar da suka faɗa.

Tambaya: Ba gara in jira wasan ya fito in saya ba?

Amsa: In wasan kawai kake so, gara ka jira. A Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, za ka karanta ra'ayin waɗanda suka buga, kuma za ka iya neman a mayar maka da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka kai awa biyu kana bugawa ba. Karo-karo na wanda yake son wasan ya wanzu ne tun farko. Hollow Knight, na wasu 'yan Ostareliya, da kimanin dalar ƙasarsu 57,000 aka tayar da shi a 2014. Ni dai matakin gudummawa mafi ƙanƙanta da ke ba da wasan nake zaɓa, ina kauce wa na riguna da mutum-mutumi, domin bugawa da aikawa suna cinye kuɗi da lokacin da ya kamata su tafi ga wasan.