Zinariya ko Bitcoin: me ke ba kuɗi daraja?

Malam, ka tambaya me ke ba kuɗi daraja, kuma ko Bitcoin, kuɗin nan na intanet, zai kamo zinariya. A ganina abu biyu ne: yardar jama'a da ƙarancin abin.

Kakanninmu da kuɗin wuri suka yi ciniki, kalmar "kuɗi" ma jam'in wuri ce. Da Turawa suka riƙa jibgo shi ta jiragen ruwa a ƙarni na 19, ya yi yawa, darajarsa ta zube.

Zinariya ba ta tsatsa, haƙo ta kuma sai an sha wuya. Mu 'yan Jos da muka tashi muna ganin ramukan kuza mun san haka. Dalar Amurka ma da ita aka jingina ta, sai a 1971 shugaban Amurka Nixon ya raba su.

Bitcoin ya fito a 2009, kuma an ƙayyade yawansa ba zai wuce guda miliyan 21 ba, to ƙarancin akwai shi. Yardar ce ke rawa, shi ya sa farashinsa ke hawa da gangarowa babu sallama. eNaira kuwa daban take, nairarmu ce dai ta intanet da Babban Banki ya fitar.

Ni kam, ɗan abin da na tara wa 'ya'yana, a zinariya na ajiye shi.