Injin Wanke Kwanukana Ya Yi Tsatsa da Farin Tabo, Yaya Zan Yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da maigida ya sayo mini injin wanke kwanuka na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi. Yanzu kwandunan da ake jera faranti sun fara tsatsa a kan tsinkayensu, bangon ciki ya yi fari-fari kamar an shafa alli, kwandon cokula kuma ya rine ya koma ja. Na dirje da soson ƙarfe, abin sai ƙaruwa yake yi. Wata maƙwabciyata ta ce in zuba bilic da ruwan khal tare in kunna. Ruwan burtsatse muke sha. Daga wata uwargida a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah kada ki haɗa bilic da ruwan khal, ko da lemun tsami, ko da wani abu mai tsami. Idan suka haɗu suna fitar da iskar kulorin, guba ce mai shaƙe numfashi da ƙona ido, ga shi kuma injin rufe yake da zafi, ke ce za ki fara shaƙa da zarar kin buɗe ƙofa. Ko shi kaɗai, bilic yana cin bangon silba, yana yi masa ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa. Soson ƙarfen ma ki ajiye shi, zan faɗa miki dalili.

Abu uku kika lissafa, kuma kowanne da tushensa, shi ya sa magani ɗaya ba zai ɗauke su duka ba. Launin tabo shi ke faɗa miki daga ina ya fito.

Farin nan ba datti ba ne. Sinadarin alli ne da ke narke a cikin ruwa, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Duk lokacin da ruwa ya yi zafi ya bushe, sai ya bar shi a jikin bango da kofunan gilashi. Sabulu ba ya taɓa shi, kanwa ma haka, tsami ne kaɗai ke narkar da shi. Ki nemi garin tsamin lemo, wanda ake kira sitirik asid, ana samunsa wurin masu sayar da kayan haɗa lemo da sabulun ruwa. Ki kwashe kwanuka duka, ki zuba babban cokali uku zuwa huɗu a ƙasan injin, ba tare da sabulu ba, ki kunna wanki mafi zafi, wato na digiri 65 ko 70. Idan ya yi kauri, ki maimaita. In garin bai samu ba, ki cika kofi da farin ruwan khal, ki ajiye shi a tsaye a kwandon sama. Ni dai na fi son garin, ya fi ƙarfi, ba shi da wari, kuma yawan zuba khal yana gajiyar da robar bakin ƙofa. Sau ɗaya a wata ya wadatar.

Tunda injin na hannu ne, mai yiwuwa daga Turai ya fito, don haka ki leƙa ƙasansa kusa da matata, ko za ki ga wani murfi mai murɗawa. Yawancin injinan da aka ƙera don Turai suna da shi, gidan gishiri ne. Gishirin ba ya shiga wanki, aikinsa farfaɗo da na'urar da ke tace alli daga ruwa. Na sha ganin gidan da aka shekara ana aiki da injin ba a taɓa buɗe murfin nan ba, don wanda ya sayar bai yi bayani ba. Gishirin injin ake zubawa, mai manyan ƙwayoyi, ba na miya ba. Wanda ya zube a gefe kuma ki kunna ɗauraya nan take ya wanke shi, domin gishirin da ya kwana a kan silba tsatsa yake haifarwa.

Sai tsatsar kwando, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Kwandon nan wayar ƙarfe ce aka lulluɓe da roba. Muddin robar na nan lafiya, ruwa ba ya kai wa ga ƙarfen. Amma bakin wuƙa, gefen tukunya, da tsufa suna tsaga ta, musamman a kan tsinkaye da wurin da wayoyi suka haɗu. Ruwa ya shiga, ƙarfe ya yi tsatsa ya kumbura, ya ƙara yage robar daga ciki. To kin ga da kika sa soson ƙarfe, rigar da ke kare shi kika ƙara ɓarewa, sannan ɓurɓushin soson da ya maƙale shi ma ya yi tasa tsatsar.

Gyaran ba wuya, haƙuri yake so. Ki zaro kwandon waje. Ki yanke robar da ta ɗago da reza, ki goge wurin da samfefa mai laushi har sai farin ƙarfe ya bayyana. Ki share ƙurar, ki bar shi ya bushe ƙayau a rana. Akwai fentin roba da aka yi musamman don kwandon injin, yakan zo da ƙananan huluna da ake sa wa kan tsinkaye. Ki shafa, ya sha iska, ki ƙara shafawa, ki ɗora hulunan, ki bar shi awa 24 kafin ya ga ruwa. Kada ki yarda a fesa masa fentin mota ko na ƙofa. Zafi zai ɓare shi, kuma a kan abin cin abincin iyalinki zai sauka. Idan kuwa tsinkayen sun fara karyewa, ko ƙasan kwandon ya rube, kuɗin fenti asara ne. Ki duba lambar injin a gefen ƙofa, ki ba masu gyara su nemo miki wani kwandon.

Akwai wata tsatsar da ba daga kwando take ba. Idan kika ga bango gaba ɗaya ya yi ruwan ƙasa, kuma bahon wanka da fararen kaya su ma suna rinewa, to ƙarfe ne a cikin ruwan burtsatsenku. Da ya wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya yake fara barin tabo. Garin tsamin nan zai ɗauke shi, amma zai dawo, sai an sa matatar ƙarfe a bututun da ke shigo da ruwa gida. Haka nan wuƙar maƙera, da murfin gwangwani, da tukunyar da ƙusarta ta yi tsatsa, duk suna yaɗa ta ga cokula. Tukunyar dalma kuwa baƙi take yi a injin, don sabulunsa ya fi ƙarfinta. Waɗannan a hannu za ki riƙa wanke su.

Jan da ke kwandon cokula shi ne mafi sauƙi: tumatir ne da manja suka shiga jikin roba. Ba ya cutarwa. Ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ki shanya a rana kwana ɗaya ko biyu, zai koɗe sosai. Nan gaba ki riƙa share miyar da ta rage a faranti kafin ki jera.

Kafin ki yi wankin tsamin nan, ki murɗo matatar da ke ƙasa ki wanke ta da tsohon buroshin goge baki, ki ciro fankokin da ke fesa ruwa ki zungure ramukansu da tsinken sakace, ki bi robar bakin ƙofa da tsumma mai ɗumi. In ramukan sun toshe da alli da ƙwayar shinkafa, tsamin ba zai kai saman injin ba. Idan an gama wanki kuma, ki bar ƙofar a ɗan buɗe har cikin ya bushe.