An zaftare kasafi, albashi ya makara, masu bashin waya sun sa ni a gaba

Tambaya: Barista, ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne. An zaftare kasafin ma'aikatarmu, an tsayar da alawus, albashi kuma sai wata ya yi nisa bai shigo ba. Na ci bashin naira 50,000 a wata manhajar waya, suka cire 7,500 tun kafin kuɗin su shigo, suka ce in biya 60,000 cikin kwana 30. Na kasa. Yanzu sun tura wa surukina da shugabana na ofis saƙo wai ni ɓarawo ne, kuma sun ce za su turo 'yan sanda. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Fara da lissafin, don ka san abin da ka shiga. Abin da ya shiga hannunka 42,500 ne, ana neman 60,000. Ke nan 17,500 aka ɗora maka, sama da kashi 41 cikin ɗari a wata guda. Duk takardar da za ka rubuta, da wannan adadi za ka buɗe ta.

Maganar 'yan sanda barazana ce kawai. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rigimar da ba ta laifi ba, bashi kuwa a nan yake. Sashe na 36 ya hana a kama wani a madadinka, don haka surukinka ya kwantar da hankalinsa. Abin da zai iya juya maganar ta koma laifi shi ne in ka yi amfani da sunan ƙarya ko takardar jabu wajen karɓar kuɗin.

Amma bashin yana nan. Cin mutuncin da suka yi maka bai goge shi ba, kamar yadda rashin biyanka bai halasta musu cin mutuncin ba. Mutane da yawa a nan suke yin tuntuɓe: sai su goge manhajar, su karya layi, su zaci an wuce wurin. Sun zubar da hujjarsu ke nan, sunansu kuma yana iya shiga rajistar masu taurin bashi, ranar da suka nemi rance a banki a juya musu baya.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton shafin sharuɗɗan bashin, da saƙon shigowar kuɗin, da kowane saƙon zagi tare da lambar da ta turo shi da kwanan wata. Roƙi surukinka da shugabanka su turo maka hoton nasu. Sai ka shiga saitin waya ka janye wa manhajar izinin ganin lambobi da hotuna. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store wannan izini. In taka tana nema har yanzu, ka rubuta hakan a ƙorafinka.

Daga nan duba jerin kamfanonin da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta amince da su a shafinta na intanet. Tun 2022 ta wajabta musu rajista, a 2025 kuma ta fitar da ƙa'idoji masu tsauri da tarar da ke iya kaiwa naira miliyan 100. Kai ƙorafi wurinta, ka kai wani wurin hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, domin kwasar lambobin wayarka a yaɗa sirrinka ya saɓa wa Dokar Kare Bayanai ta 2023 da sashe na 37 na Tsarin Mulki. Kana da damar neman diyya a Babbar Kotu kan keta haƙƙi da ɓata suna, sai dai a kan bashin 50,000 kuɗin shari'a na iya fin ribar. A ganina, ƙorafin hukuma da wasiƙar lauya guda sun fi saurin kashe wutar.

Rubuta wa kamfanin imel, ka nemi cikakken bayanin asusunka, ka ce za ka biya uwar kuɗi kashi-kashi, a cire tarar jinkiri. Kada ka tura ko kwabo asusun wani mutum. Sai asusun kamfanin, kuma ka karɓi shaidar kammala biya. Kada kuma ka ci bashin wata manhaja don ka rufe wannan. In akwai ƙungiyar adashin ma'aikata a ofishinku, ko bankin da ba ya harkar ruwa, can ya fi.

In banki ne ko bankin ƙananan rance ya ba ka, hanyar ta ɗan bambanta. Akwai tsarin karɓo bashi mai suna GSI na Babban Bankin Najeriya da ya fara aiki a Agustan 2020, wanda ke ba su damar cire kuɗi daga sauran asusunka ta BVN, in ka sa hannu a kai. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai ya shafa, ban da tara. In sun wuce haka, ka kai kuka bankin a rubuce. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, sai sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Yanzu tushen matsalar. Rage kasafi bai soke haƙƙinka na albashin aikin da ka riga ka yi ba. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi bisa sashe na 254C na Tsarin Mulki. Alawus kuwa sai an duba: in yana cikin takardar ɗaukarka ko wata sanarwar gwamnati da ba a janye ba, hujjarka ta fi ƙarfi. Ku shiga ta ƙungiyar ƙwadago, kuma kada ku yi jinkiri, don lauyoyin gwamnati kan fake da wa'adin wata uku na shigar da ƙara da ke cikin dokar kare jami'an gwamnati.

Sai majalisar dokokin jiha, wadda ma'aikata suka fi mantawa da ita. Gwamna yana gabatar da kasafi ne kawai bisa sashe na 121 na Tsarin Mulki. Majalisa ke amincewa, har kasafin da aka yi wa kwaskwarima a tsakiyar shekara. Lokacin magana shi ne yayin da ma'aikatu ke kare kasafinsu gaban kwamitoci. Bayan gwamna ya sa hannu, ihu bayan hari ne. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar ikon bincike da gayyato kwamishina ko akanta janar ya yi bayani. Lasisin masu ba da bashi da ruwa ma dokar jiha ce ke tsara shi, don haka majalisar na iya sa iyaka ga ruwan da tilasta bayyana cikakken kuɗin kafin a sa hannu.

Takardar koke ta zama shafi ɗaya ko biyu, zuwa ga Kakakin Majalisa ta hannun ɗan majalisar mazaɓarku, da sunaye da sa hannu da adireshi. Ku faɗi watannin da aka riƙe, ku maƙala takardun albashi, ku nemi abu takamaimai: a biya bashin albashi zuwa rana kaza, a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan dokar masu ba da rance. Koken da ya ce "a duba halin da muke ciki" a aljihun tebur yake ƙarewa. Ku kai kwafi ofishin Akawun Majalisa a buga muku hatimin karɓa, bayan mako biyu ku koma wurin sakataren kwamitin koke-koke ku tambayi ranar zama.

Tun da kai ma'aikaci ne, ka bar ƙungiyar ƙwadago ta sa hannu a gaba, domin ƙa'idojin aikin gwamnati suna hukunta fitar da takardun ofis ba izini. Takardar albashinka taka ce, kana iya maƙala ta. Fayil ɗin ofis kuwa kada ka taɓa shi.