Malam, kar ka sayar da laftof ɗin tukuna

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da yamma. Malam, na ga hoton da ka turo tun da azahar, na saƙon nan da laftof ɗinka ke ta nuno maka cewa Windows 10 ya zo ƙarshe, kana tambaya ko ka sayar da ita ka nemi wata. Na ga Hajiya ma ta ce tata haka take yi mata. In na ce rubutawa zan yi sai yatsa ya gaji, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ku yi haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Malam, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Tun 2015 ya fito, ka ga shekara 10 ke nan suna ɗawainiya da shi. Kwamfutar za ta ci gaba da kunnuwa, takardunka suna nan, hotunanka suna nan, babu abin da zai goge. Abin da aka yanke shi ne facin tsaro da suke turowa duk ranar Talata ta biyu a wata. Kamar gida ne da magini ke zagayowa wata-wata yana toshe ramin da ɓarayi suka haƙa a katanga, sai ya ce daga yau ya daina zuwa. Gidan yana tsaye, amma duk ramin da aka haƙa nan gaba haka zai zauna a buɗe. Ka gane ko? Kuma ranar dai suka janye hannu daga Office 2016 da 2019, ga masu amfani da su.

Abin dariyar ma, rabin 'yan guruf ɗin nan tun tuni suka kashe afdet da hannunsu don kar ya cinye musu data. Su kam maginin sun daɗe da sallamarsa, ba su jira Oktoba ba. Ban ga laifinsu sosai ba, ka sayi data da kuɗin cefane, ka haɗa kwamfuta da wayarka, kafin ka buɗe imel ta zuƙe rabi. Amma abin yana da haɗari, wallahi. Ku tuna watan Mayun 2017, lokacin WannaCry. Bairos ne da ya shiga kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, yana kulle wa mutum duk fayil ɗinsa, ya ce sai ka biya dala 300 ta Bitcoin. A Ingila har asibitoci sai da suka soke ganin marasa lafiya. To facin da zai tare shi Microsoft ta fitar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ya kama yawancinsu waɗanda ba su sa facin ba ne. Saboda haka wanda yake shiga banki ko yake ajiye takardun ofis a kwamfuta, kar ya ɗauki maganar nan da wasa.

Yauwa, mene ne abin yi? Ya danganta da ƙarfen da ke hannunka. Windows 11 da ya fito a 2021 kyauta ne ga mai Windows 10 na gaskiya, amma yana da sharuɗɗa. Ram giga 4 da wurin ajiya giga 64, waɗannan ba matsala ba ne. Inda ake tuntuɓe guda biyu ne: wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sai kuma furosesa, in Intel ne sai jenareshan na 8 zuwa sama. Yadda za ka gane naka abu ne mai sauƙi. Shiga wajen saiti, ka je System, ka gangara About, za ka ga an rubuta misali i5-6300U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce jenareshan, sai dai daga na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ne. In ka ga 6300, na 6 ne, bai kai ba. In ka ga 8250, na 8 ne, ka haye. Wani lokacin ma TPM ɗin yana nan, kashe shi aka yi a BIOS, wato saitin can cikin kwamfutar, mai gyara zai kunna maka cikin ɗan lokaci.

Nan ne fa raina yake ɓaci. HP EliteBook 840 G3 da ta cika hannun ɗalibai da ma'aikata a garin nan jenareshan na 6 ce. G4 na 7. Sai daga G5 aka fara shiga. ThinkPad T470 ba ta shiga ba, yawancin T480 sun shiga. Alhali G3 ɗin nan in ka sa mata ram giga 8 da SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, gudu take kamar me. Babu abin da ta gaza yi wa malamin makaranta ko mai rubuta furojet. Kawai an ja layi ne an ce na ƙasa da nan ku koma gefe. Su a can kamfanoni za su kwashe tsofaffin su zuba sababbi, kuma kun san inda tsofaffin suke ƙarewa, kwantena ce za ta kawo mana su a matsayin tokumbo. Don haka duk wanda zai shiga Titin Beirut ko Farm Centre sayen ta hannu, don Allah kar sitikar Core i7 ta ruɗe shi. Akwai i7 na jenareshan na 4, akwai na 12, sunan ɗaya ne amma tazarar shekaru ce a tsakani. Ka ce a kunna maka, ka duba lambar da idonka, sannan a yi ciniki. In ƙasa da 8 ce, ba haramun ba ne ka saya, amma kuɗinta ya kamata ya faɗi.

To Malam, in taka ba ta kai ba, akwai ɗan ƙarin wa'adi da suka bayar mai suna ESU, wanda zai ci gaba da kawo facin tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ko ka biya dala 30, ko ka samu kyauta in ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a ajiye saitinka a wajensu. Sai dai dole Windows 10 ɗin ya zama nau'in da ake kira 22H2. Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta winver, zai nuna maka. ESU ɗin shekara ɗaya ce tak, numfashi ne kawai.

Na san wani ƙanenmu a nan zai ce ai da manhajar Rufus ana tsallake sharuɗɗan a ɗora Windows 11 ta ƙarfi. Haka ne, ana yi, kuma yana aiki. Amma Microsoft ta ce irin wannan ba ta yi masa alƙawarin afdet ba, kuma babban sauyin da ke zuwa duk shekara sai ka bi shi da hannu. Mai son ƙwaƙule-ƙwaƙule ya yi abinsa. Ni dai ba zan yi wa Hajiya haka ba, don ni za a riƙa kira da tsakar dare.

Ni abin da na fi so ga tsohuwar kwamfuta shi ne Linux, wani tsari na daban da ake ɗorawa a madadin Windows. Kar ku yi dariya, na san kun ce kullum maganata ke nan. Wani ɗalibi ɗan Finland, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma Android ɗin da ke aljihunku ma a kansa aka gina shi. Akwai nau'in da ake kira Linux Mint, fuskarsa kusan irin ta Windows, maɓallin menu a ƙasa ta hagu, kyauta ne, babu maganar kirak, kuma Mint 22 za a kula da shi har 2029. Yana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe fayil ɗin Word da Excel, duk da wani lokacin tsarin shafi yana ɗan gocewa. Daɗin abin, za ka iya ɗora shi a filash ka kunna kwamfutar da shi ka gwada, ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Ka duba ko Wi-Fi yana kamawa, ko firintarka tana amsawa. In bai yi maka ba, zare filash ɗin, shi ke nan.

Amma ba na kowa ba ne. Mai shagon buga takardu da ke cin abinci da CorelDRAW ko Photoshop, Linux ba zai yi masa ba, waɗannan ba su da na Linux. Shi gara ya bar Windows 10 ɗin a kan kwamfutar aiki, ya raba ta da intanet, ya riƙa taka-tsantsan da filash ɗin kwastomomi, kafin Allah ya hore masa sabuwa.

Kai kuwa Malam, aikinka rubuta jarrabawa ne da sakamakon yara da kallon karatu a YouTube, kowace hanya za ta ɗauke ka. Kafin a taɓa komai dai ka kwafe takardunka a filash ko wani hard disk na waje. Sannan ka ɗauko min hoton shafin About ɗin nan ka turo, Hajiya ke ma ki sa yara su ɗauko miki naki, in na ga lambar zan faɗa wa kowa wadda ta dace da shi. Sai na ji ku.